Kashin Zomo a Ɗakin Gwaggo Tsaf

Shekara ashirin da shida Gwaggo Tsaf ta yi tana share hawa na uku na wani dogon ginin ofisoshi, kuma a tsawon shekarun nan ba a taɓa samun wanda ya goga yatsa a kan teburi ya ɗago da ƙura ba. Ma'aikatan wurin ne suka laƙaba mata sunan tun tana iya ɗaukar bokiti biyu ta hau bene ba ta huta ba. Sunan ya bi ta har gida, ya kai 'ya'yan maƙwabta ba su ma san tana da wani ba. Gajeriyar mace ce mai saurin tafiya da saurin hawa. In kana cin gyaɗa a gabanta, kafin ɓawon ya kai ƙasa ta riga ta miƙo abin kwasar shara. Manajoji bakwai ta ga zuwansu da tafiyarsu, kuma dukansu ita ta koya musu goge takalmi a bakin ƙofa.

Mijinta direban bas ne, shekara talatin yana zagaya gari da fasinjoji, mutum mai surutun da ko a masallaci sai an zungure shi. Shi kaɗai ne a duniya yake shiga ɗakinta da baƙin mai a hannu ya tsira, domin kafin ta gama faɗa ya riga ya sa ta dariya. Wata safiya yana ɗaura igiyar takalmi sai ya kife gefe guda. Da aka sallamo shi daga asibiti, hannun dama ya shanye, maganar ma ta tafi, sai kalma ɗaya ko biyu da yake jawowa da ƙyar. Ma'aikaciyar da ke zuwa tana motsa masa gaɓoɓi ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Ya ɗauka da hannun hagu ya wurga ta ƙarƙashin gadon da aka kafa masa a falo, ya juya fuska bango. Wata biyar gidan yana shiru, kuma shirun ya fi komai ci wa Gwaggo rai.

Ana cikin haka 'yarsu, wadda ke koyarwa a wani gari mai nisa, ta zo hutu da kwali a hannu. A cikin kwalin akwai 'yan zomaye uku, ko wata biyu ba su cika ba, da ƙaramin buhun busasshiyar ciyawa.

"Me zan gani haka?" in ji Gwaggo. "Dabba a ɗakina?"

"Umma, don Allah sati ɗaya kawai. In Baba bai kula su ba ni da kaina zan zo in ɗauke su."

'Yar ta ɗora wa mahaifinta ɗaya a cinya. Zomon ya zauna abinsa, yana motsa hanci, ko gezau. Can sai shanyayyen hannun nan ya ja jiki a kan bargo, yatsu biyu suka kwanta a bayan zomon. Direba ya buɗe baki, ya yi ta fama, sannan ya ce, "Birki." Saboda zomon ba ya motsi. Wanda ke tsere a falo kamar an koro shi ya zama Totur, wanda kullum yana maƙale a ƙofar keji ya zama Kwandasta. A sati guda kalmomin Direba suka ƙaru, kuma kowace safiya sai an ɗora masa Birki ya shafa shi da hannun da ya ƙi taɓa ƙwallon roba. Gwaggo ta ga wannan da idonta, ta haɗiye maganar mayar da su.

Amma ciyawar nan ta hana ta sakat. Tana maƙalewa a kafet, tana shiga ƙarƙashin kujera, har a cikin takalminta na aiki ta taɓa tsintar tsinke. Ranar da 'yar ta koma, Gwaggo ta ɗaure bakin buhun ta sauka da shi ta jefa a bola. Ta sayo musu kwanuka uku masu sheƙi, ta riƙa zuba musu abinci na mutunci: burodi, biskit, dafaffiyar shinkafa, da karas da ta wanke sau uku ta yanka daidai wa daida. Kashinsu kuwa, 'yan ƙwallayen nan busassu da suke zubarwa ko'ina, ba ya minti ɗaya a ƙasa. Kafin ta tafi aiki ta wanke keji, ta dawo ta sake wankewa da ruwan bilic. A ganinta ba zomayen da suka taɓa samun gata irin nata.

Kwana goma sha biyu da haka, ta dawo aiki ta tarar Totur ya dunƙule a kusurwa, bayansa ya ɓaci da zawo mai yauƙi, cikinsa ya kumbura, yana taunar haƙora. Ta yi tsaki, ta wanke shi da ruwan ɗumi, ta ce da safe za ta nema masa magani. Da safe ya riga ya sandare. Direba ya dubi keji ya ɗaga yatsu uku na hagu, yana tambaya. Ta ce masa Totur ya tafi, ya kawar da kai, kuma ranar bai sha ko shayi ba.

Washegari Kwandasta ya fara, Birki ma ya ƙi taɓa kwanonsa. A karon farko cikin shekara ashirin da shida Gwaggo ta buga waya ofis ta ce ba za ta zo ba. Ta shimfiɗa sabuwar jarida a kwali, ta sa su biyun, ta roƙi maƙwabciya ta riƙa leƙa mata maigidan, ta fita neman likita.

Ta fara da shagon maganin dabbobi na bakin kasuwa. Mai shagon yana danna waya, bai ko leƙa kwalin ba.

"Zawo ne? Ga wannan, ki zuba a ruwan shansu."

Ta juya ledar ta ga hoton kaza. "Ɗana, wannan ai na kaji ne."

"Mama, duk ɗaya ne. Ciki ai ciki ne."

"To in naka ya ɓaci sai ka sha," ta ce, ta ajiye masa ledarsa.

Daga nan ta hau bas zuwa babban asibitin dabbobi da ke bayan gari. Ta tarar da layin masu shanu da tumaki da wani mai doki da ya tare hanya. Ta zauna a benci mai ƙura, bayan ta goge shi da hankici, har rana ta take. Da layi ya zo kanta, likitan, wani ƙato mai takalmin roba har gwiwa, ya ɗaga murfin kwalin ya yi dariya.

"Mama, ni fa na shanu ne. Ba mu ma da allurar da za ta shiga jikin wannan. Shawarata, tun suna numfashi ki sa a yanka, kada ki yi asara biyu."

"A yanka wa?"

"Zomayen mana."

"Suna da suna," in ji Gwaggo. "Mijina ne ya raɗa musu, da bakin da ba ya magana."

Likitan ya ɗan ji kunya, amma mai doki ya riga ya matso. Likitan ya ce ta gwada masu duba karnuka da kyanwoyi a cikin gari. Ta fito ranta a ɓace, tana magana ita kaɗai a titi, har wata mai sayar da ruwa ta matsa mata gefe.

Asibitin karnukan kuwa ya burge ta, ba za ta ɓoye ba. Tayil yana ɗaukar ido, ga sanyin na'ura, ga ƙamshin sabulu. Ta duba ƙasan kujeru da idon sana'a ba ta ga ƙura ba, sai hankalinta ya kwanta, ta ce yau ta zo wurin masu ilimi. Wata yarinya a teburin karɓar baƙi ta miƙo mata takarda ta cike. A wurin irin dabba akwai kare, akwai kyanwa, akwai tsuntsu. Ta tambayi inda za ta sa zomo, yarinyar ta ce ta sa a kyanwa. Likitan saurayi ne mai fara'a, ya taɓa cikin Kwandasta, ya taɓa na Birki, ya ce ciki ne ya ɓaci. Ya ba ta wani ruwan magani mai launin hoda mai zaƙi, ya ce ta ɗura musu safe da yamma, kuma ta hana su abinci kwana ɗaya cur don hanjin ya huta.

"Haka ake yi wa zomo?" ta tambaya.

"Haka muke yi wa kyanwa. Ba su da wani bambanci sosai."

Gwaggo mace ce mai bin umarni in ya fito daga wuri mai tsabta. Ta kwashe kwanuka, ta fara da Kwandasta tunda shi ya fi jin jiki, ta ɗura masa da yamma, ta ɗura masa da safe. Birki kuwa ya datse haƙora, maganin ya bi gashin wuyansa ya zube, ta yi ta masifa tana goge shi. Kafin azahar Kwandasta ya miƙe ƙafafu a tafin hannunta. Ta tsaya da shi a baranda, ga baƙin ciki, ga haushin likita, ga haushin kanta, ba ta ma san wanda za ta fara zagi ba. Da ta shiga ciki ta tarar Direba ya juya fuska bango kamar da. Ta ɗora masa Birki a cinya, hannun bai motsa ba.

"Malam, ka taɓa shi mana."

Ya rufe ido. Ta gane nufinsa sarai, ba ya son ya saba da abin da gobe za a ce ya tafi. Ta kuma gane cewa in Birki ya bi 'yan'uwansa, hannun nan da bakin nan sun koma inda suka fito, kuma ba ta da wata dabarar da za ta sake fito da su.

Ta buga wa likitan karnukan waya. Ta faɗa masa abin da ke bakinta, kuma bakin Gwaggo ba ƙarami ba ne. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Mama, gaskiya zomo ba fannina ba ne. Da na faɗa miki tun jiya." Ta ce ai da ya faɗa. Ya ce akwai wata malamarsu a makarantar koyon aikin dabbobi, ta yi ritaya amma tana zuwa duba zomayen makarantar, sai dai ba ta wuce ƙarfe huɗu. Gwaggo ta dubi agogo, biyu ta gota.

Bas biyu ta canza. A hanya Birki ya ɓata jaridar da ɗan zawo, ta cire ta ta dunƙule, ta shimfiɗa sabuwa daga jakarta, da ta sauka ta jefa tsohuwar a kwandon shara na tasha. Ai ba a shiga wurin likita da ƙazanta. A ƙofar makarantar mai gadi ya ce ba a shiga da dabba sai da takarda. Ta tambayi inda ake ba da takardar, ya ce a ciki. Ta ajiye kwalin a kan teburinsa ta ce to shi ya riƙe, in ya mutu a hannunsa ya je ya yi wa mijinta bayani. Ya buɗe mata ƙofa.

Ɗakin likitar yana can ƙarshen wani dogon gini, kuma Gwaggo ba ta taɓa ganin wurin aiki mai hargitsi irinsa ba. Ciyawa a ƙasa, ciyawa a kan kujera, ciyawa har a gashin likitar, wata doguwar dattijuwa mai tabarau a kan hanci. Zuciyar Gwaggo ta ce mata ta juya. Amma matar ta riga ta ɗauki Birki, ta taɓa kunnuwansa, ta ja fatar wuyansa ta saki, ta kara abin sauraro a cikinsa ta daɗe tana ji.

"Kunnensa ya yi sanyi, jikinsa ba ruwa, hanjin ma da ƙyar nake jin motsinsa. 'Yar'uwa, yaushe rabonsa da yin kashi mai ƙwallaye?"

Likitar ta ɗago ta dube ta.

"Jiya? Shekaranjiya?"

"Ban sani ba, Likita. Ina sharewa."

"To kafin ki share, yaya kika gan shi? Ya ƙanƙance? Ya ragu?"

"Ni ba na kallo. Kwashewa nake."

"Ba komai. Ba ni wanda ya yi yau in duba a na'ura, ko akwai ƙwayar cuta."

Ta leƙa kwalin ta ga jarida fes, ko ɗigo babu. Ta dubi Gwaggo ta saman tabarau. Gwaggo ta ce a hankali, "Na canza a mota."

Likitar ta zauna. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba, wanda da ta yi da ya fi sauƙi. Ta tambayi abin da suke ci. Gwaggo ta lissafa, burodi, biskit, shinkafa, karas wankakke. Ciyawa fa? Ta ce tana ɓata ɗaki.

"Kin ga, cikin zomo ba ya tsayawa," in ji likitar. "Dole kullum ciyawa tana shiga tana tura ta gaba. In kin cire ta kin ba shi burodi da zaƙi, cikin ɗan ƙarami irin wannan sai ya rikice. In kuma aka hana shi abinci kwana guda, an ƙarasa shi. Maganin nan mai zaƙi da aka ba ki, kyanwa za ta sha ta warke, zomo kuwa yana kashe masa ƙwayoyin da ke narka masa abinci. Wannan da ya tofar da shi, taurin kansa ne ya kawo shi yanzu. Kuma zomo ba ya kuka, ba ya nuna ciwo sai ya kusa tafiya. Kashinsa ne kaɗai yake gaya miki halin da yake ciki. Ke kuma kullum kina sharewa kafin ki ji me ya ce."

Gwaggo ta zauna a kan kujerar nan mai ciyawa ba ta ko kakkaɓe ta ba. Kwana biyu tana yawo tana zagin mai shago da likitan shanu da likitan karnuka, ashe tun ranar da ta ɗaure bakin buhun nan ta fara aikin. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba, har hawaye ya zubo mata a gaban baƙuwa.

"Da hannuna ke nan," ta ce.

"Da hannunki da na waɗanda ya kamata su ce miki ba su sani ba. Share hawayenki, riƙe min shi nan."

Ta yi masa ƙarin ruwa a ƙarƙashin fata, ta yi masa allurar rage ciwo. Ta jiƙa garin ciyawa ya zama kamar kunu, ta nuna wa Gwaggo yadda za ta sa bakin sirinji ta gefen haƙora ta tura kaɗan kaɗan, duk bayan awa uku. Ta ce a naɗe gorar ruwan ɗumi da tawul a ajiye kusa da shi. Sannan ta cika mata buhu da ciyawa.

"Ki zuba masa har ya nutse a ciki. Kuma ki ji ni da kyau, kada tsintsiya ta kusanci kejin nan. Duk abin da ya fito, ki bar shi, ki kawo min. Ba na yi miki alkawari ba, ya yi nisa. In ya yi kashi ki kira ni. In ya kwana biyu bai yi ba, shi ma ki kira ni."

Haka falon Gwaggo Tsaf ya koma abin da ba ta taɓa mafarki ba. Ciyawa ta bi kafet, kunun ciyawa ya ɗiga a kujera ya bushe, tawul a nan, sirinji a can. Maƙwabciyar ta leƙo ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce, "Gwaggo, lafiya? Ko ɓarayi ne suka shigo?" Gwaggo ta ce ta shigo da takalminta ma in ta ga dama. Daga ofis aka bugo sau biyu, wai an aiko wata ta riƙe mata aiki ta bar mofa a jiƙe a bayan ƙofa. Ta ji abin har cikin ranta, amma ta ce su yi haƙuri. Hannunta kuwa ƙaiƙayi yake yi. Sau nawa tana tsintar kanta a tsaye da tsintsiya ba ta san lokacin da ta ɗauko ba, sai ta mayar ta bayan ƙofa tana tsaki.

Kwana ɗaya ya wuce, ba komai. Birki yana haɗiye kunun da ƙyar, rabi a ciki rabi a zanenta. Ta durƙusa ta tona ciyawa tsinke tsinke, ita da ko kashin 'yarta tana jaririya ba ta tsaya kallo ba, ba ta sami ko ɗaya ba. Direba yana kwance, fuska a bango, amma ta lura in ta durƙusa yakan daina motsi, yana saurare.

Rana ta biyu da hantsi ta gama ɗura masa, ta ajiye shi a kan kafet ya ɗan sha rana ta taga, ta shiga kicin ta wanke sirinji. Da ta fito ya matsa daga inda ta bar shi, yana jan wani tsinken ciyawa da baki. A inda ya tashi akwai wasu 'yan baƙaƙen abubuwa a tsakiyar kafet, ƙanana, a mommotse, ko siffar kirki ba su da ita. Shekara ashirin da shida suka yi aikinsu, kafin kanta ya gane me ta gani hannunta ya riga ya kai bayan ƙofa ya ɗauko tsintsiya, ta sunkuya.

"Bari!"

Ta daskare. Direba ya juyo, ya tasa jikinsa da gwiwar hannun hagu har ya kusa faɗowa daga gado, idonsa a kan kafet.

"Bari," ya sake cewa. "Na... Birki."

Ta saki tsintsiyar ta faɗi. Ta durƙusa ta ƙirga su da yatsa, guda shida, ta sake ƙirgawa ko ta yi kuskure. Ta ciro farin hankicinta mai guga ta tsince su ɗaya bayan ɗaya ta ƙulle, sai ta tuna shi bai gani da kyau ba, ta kwance ta kai masa har gaban hanci. Ya duba, ya yi wata dariya ta gefen baki ɗaya, irin wadda yake yi da in ya shigo mata da baƙin mai. Ta ɗauko Birki da ciyawar da ke bakinsa ta ɗora masa a kan bargo, ta koma gefe tana neman lambar likita.

"Likita, ni ce mai shara. Ya yi. Guda shida, munana ƙwarai."

"Madalla. Kada ki daina ɗura masa, da sauran aiki. Kin ajiye min su?"

"Suna cikin hankicina."

Ta juya. Yatsu biyu na hannun dama sun ja jiki a kan bargo sun kwanta a bayan zomon, shi kuma yana ta taunar ciyawarsa, ɓurɓushi yana zuba a kan zanen gadon da ta goge jiya. Ta bar shi ya zuba.